Dan Allah wane injin yanka nama sala-sala zan saya na gida?

Ummu Walid, Jidda:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, ya zafi ya hidima. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san abin.

Yarana uku ke zuwa madrasa, kullum da safe sai na haɗa musu samuli, wato burodi, da jubna, wato cuku, da murtadila, naman nan na kamfani da ake yankawa sala-sala, in ba shi ba haka za su dawo min da abincin yadda na sa shi. To ranar nan na juya bayan ledar na karanta abinda aka zuba a ciki, gishirin kaɗai ya tayar min da hankali, ga baban su likita yace ya rage gishiri saboda hawan jini, shi kuma da ya buɗe tallaja, wato firij, ya gani sai ya ɗauka. Shine na fara yin nawa a gida, in sayo ƙirjin talotalo ko tsokar cinyar sa, in shafe shi da tafarnuwa da masoro da gishiri ɗan kaɗan ya kwana, in ɗaure da zare in gasa a furun, wato oben. Daɗi kam ba a magana, matsalar duk a wajen yanka take. Duk yadda na wasa wuƙa sai wani ya fito da kauri wani ya marmashe, autan ma ɗaga yanka ɗaya yayi yana kallo yace Mama wannan ba irin na bagala bane, wato na kanti, shi irin wanda in ka ɗaga yake lanƙwashewa kamar ƙyalle yake so.

Na duba a shagunan intanet, Noon da Amazon, kaina ya ɗaure, wani an rubuta wat 100 wani 150 wani 200, wani faifan wuƙarsa da haƙora kamar zarto wani sumul, wani na roba wani na ƙarfe, kuma kowa cewa yake nasa ya fi. Riyal 500 na ware, in ya kama in ƙara zan ƙara amma banaso in sayi abinda zai zama kayan ajiya a saman kabat.

Sannan ina so in sani, injin zai iya yanka min ɗanyen nama na sere, wato tsire, da kilishi in layya tazo? Don duk shekara sai na nemi mai yanka min. Kuma ina tsoron yara, autan nan babu abinda baya taɓawa.

Ɗan Kandara:

Wa alaikumussalam Anti. Ni shekarata tara ina aiki a gidan abinci, wato maɗ'am kuma kusan kullum sai na tsaya a kan injin nan, a shagunan kayan maɗ'am gatta'ar murtadila ake ce masa, in kika faɗa haka kowa zai gane.

Abu na farko ki cire idonki daga kan wat ɗin nan, shi ne yake ruɗar mutane. Akwai na Jamus, Ritter, da wat 65 ne kacal a jikinsa amma yana fitar da yanka mai kyau, akwai kuma wanda aka rubuta 200 in kin kunna sai ƙara da jijjiga kamar zai sauko daga kan tebur. Siririn yanka daga wuri uku yake zuwa, faifan, da ƙarfin jikin injin, da sanyin naman.

Faifai mai haƙora na burodi ne da jubna mai tauri, in kika sa masa gasasshen nama kika ce a siriri yagawa zai yi yana barin burbushi. Mai sumul ɗin nan shi ne na nama. Yawancin na gida da mai haƙora suke zuwa a kwali saboda an yi su ne don yanka burodi, don haka kafin ki biya ki tambaya ko akwai faifai mai sumul a ciki, ko ana sayar da shi daban na wannan samfurin. In akace babu ki bar shi komai kyansa.

Sai jikin injin, kuma nan ne nafi so ki kula. Akwai farantin da naman ke jingina a jikinsa, shi ne ake matsarwa gaba ko baya da abin murɗawa mai lamba, daga sifiri zuwa wajen milimita 15 a yawancinsu. Tazarar da ke tsakanin farantin nan da bakin faifai ita ce kaurin yankan. To in farantin roba ne mai laushi, da kin danna naman sai ya ɗan ja baya, kinga kenan kin saita milimita 1 amma saman yankan zai fito 1 ƙasansa 3. Shi yasa nake cewa ki je shago da ƙafarki, eXtra ko SACO ko masu kayan maɗ'am, ki sa babban yatsa ki danna farantin injin yana kashe, in ya motsa ki wuce. Ki tura tiren da ake ɗora naman gaba da baya, ya tafi sulɓi ba tare da yana kaɗawa hagu da dama ba. Ki ɗaga injin ki ji nauyinsa, wanda yaro zai ɗauka da hannu ɗaya zai riƙa gudu a kan tebur.

Girman faifai kuma, na gida santimita 17 zuwa 19 ne, na aiki irin namu 22, 25, 30. Don ƙirjin talotalo da kika ɗaure da zare 19 ya isheki, sai dai ki riƙa ɗaure shi kamar girman kwalbar ruwa kada ya yi faɗi. Na aikin da bel suke juyawa, basu da ƙara, kuma da dutsen wasawa a samansu, amma nauyinsu ya wuce kilo 10 kuma kuɗin ya haura abinda kika ware nesa, ga cin waje a kicin. Don samulin yara uku ni ban ga dalili ba.

Ki juya ƙasan injin ki karanta takardar da aka manna. In kinga KB 5 min ma'anarsa minti biyar zai yi a jere sai ki kashe ya huce, na gida da yawa haka suke, giyarsu ta ciki roba ce. Ba aibu bane, a minti biyar kin gama kilo ɗaya har da saura.

Wuta ma ki duba. Mu nan Saudiyya 60 Hz muke, ki nemi wanda aka rubuta 220 zuwa 240, 50/60 Hz, mai filogi ƙafa uku. Kada ki yi odar na Amurka don nasu 120 ne, kina sa shi a 220 ya ƙone. In tsohon gida kike kinsan har yanzu akwai masu soket biyu, 127 da 220, tun 2010 gwamnati ta yanke a koma 230 a hankali amma tsofaffin gine-gine da yawa ba a taɓa su ba. Ki karɓi fatura, wato rasit, ki adana, kayan wuta a nan garantinsu shekara biyu ne.

Wai kinsan ma mahauci ne ya ƙirƙiro injin nan, wani ɗan Holan a garin Rotterdam ana ce masa Van Berkel, a 1898, don ya gaji da yanka da hannu. Har yau ana yin injina da sunansa.

Baba Mai Sere, Shari' Mansur:

Yarinyata Allah yayi miki albarka da kike kula da cikin iyalinki. Maganar inji yaron nan ya faɗa miki, ni a kan tambayarki ta biyu zan yi magana tunda sana'ar da na gada ce, mahaifina a nan Makka yayi ta har ya rasu. Seren nan da Larabawan Hijaz suke bin layi a kansa tsirenmu ne, harshensu ne ya mayar da shi sere.

Kilishi ba yanka shi ake ba, buɗe shi ake. Za ki samu tsokar cinya jawur babu kitse babu jijiya, ki kwantar da wuƙa ki shiga ta gefe, kina yanka kina juya tsokar tana warwaruwa a hannunki kamar ana warware rawani, har ƙullin nama guda ya zama falle ɗaya mai faɗi wanda in kin ɗaga shi a rana kina hango haske ta ciki. Wannan fallen ne ake shanyawa ya bushe, a tsoma shi a labu na tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa, a sake shanyawa, sannan a nuna masa wuta sama-sama. Inji baya warware nama, shi dai ya yanko ya ajiye, kuma faɗin abinda zai baki ba zai wuce tafin hannu ba. Za ki iya yin ƙananan a shanya a sa labu kuma za a ci a ji daɗi, ban hana ki ba, amma kada ki sa rai da falle.

Sere kuwa zai yi miki, tunda dama ƙananan sala ake so. Sai dai kada ki yi shi siriri irin na samuli, wuta za ta cinye shi ya bushe kafin ƙuli ya kama jikinsa. Ki bar masa ɗan jiki. Kuma ki dubi yadda zaren naman ya kwanta ki yanka a gicciye, in kika bi tsawonsa mai ci zai yi ta ja da haƙori.

Abu ɗaya zan ƙara, ke a Jidda kike, iskarku da laimar teku take. Kilishin da zai bushe a yini ɗaya a rufin gida a Makka ko Madina, a wajenku sai ya kwana biyu yana danshi har ya fara canza wari. In za ki yi, ki shanya a ɗaki mai mukayyif, wato AC, da fanka a kansa, ko a furun da wuta can ƙasa ƙofar a ɗan buɗe. Naman layya kuma ki bari ya kwana a sanyi tukuna, nama mai ɗumi ko a hannun mahauci baya tsayawa.

Ummu Walid, Jidda:

Baba nagode Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, wallahi shekaran jiya da na gwada kilishi abinda ya faru kenan, na ɗauka gishiri ne bai ji ba ashe iska ce. Ɗan Kandara kaima nagode ƙanina, gidanmu tsoho ne kuma soket ɗin kicin ɗaya tabbas 127 ne don blanda a nan bata da ƙarfi. Amma maganar sanyin nama da kace baka ƙarasa ba, daskarar da shi zan yi gaba ɗaya?

Maman Hanan, Riyad:

A'a yar uwa kada ki daskarar, bari in amsa miki don ni na riga na yi wannan kuskuren. Injina na farko a wani shago na saya, mai shagon yace min har ƙanƙara yana yankawa, na dawo gida na ciro nama daga firiza kamar dutse na ɗora ina dannawa da ƙarfi, naji ƙarar ta canza sai ƙauri, na kashe na kunna matur yana juyawa faifai a tsaye, giyar robar ta cinye. Sati biyu kenan da saye. Naman da ya daskare tauri da mai ƙashi duk ba na injin gida bane.

Yadda nake yi yanzu, in gasasshe ne ina barinsa ya huce sarai, in naɗe shi tam a leda ya kwana a tallaja, da safe in sa shi a firiza kamar minti 20 zuwa 30 kafin in yanka. Ranar da kika gasa kada ki yanka, ruwan jikinsa bai zauna ba, shi yasa naki yake marmashewa ko da wuƙa. In ɗanye ne kuma awa ɗaya zuwa biyu a firiza gwargwadon girmansa, ki danna da yatsa kiji yayi tauri amma yana ɗan shiga, to lokacin ne. Kuma kada ki danna naman da ƙarfi a jikin faifan, ki tura a hankali ki bar wuƙar ta ci da kanta, ɗaya hannun a baya yana tarar yankan yana faɗowa.

Na yanzu Bosch ne, shekara uku kenan, faifan santimita 17, kuma nafi amfani da shi wajen basɗirma, busasshen naman nan da ake shafe wa hulba, da jubna rumi da kabeji fiye da nama ma, basɗirma in kika saya dunƙule kika yanka da kanki ƙamshin hulbar nan yana nan ba kamar wadda aka yanka ta kwana a leda ba.

Maganar yara kuwa ki ɗauke ta da gaske. Ki nemi mai makulli, wanda sai kin danna maɓalli biyu yake tashi. Amma ni ba yana aiki ya yanke ni ba, a kashe yake. Na gama yanka ina goge faifan da soso, na manta ban mayar da lambar sifiri ba, bakin wuƙar a waje, ban ma ji zafi ba sai jini naga yana ɗiga a kan tire, ɗinki huɗu aka yi min a yatsan manuni kuma har yau gefen wajen baya ji sosai. Daga ranar na sa wa kaina doka, in na gama sai na murɗa lamba zuwa sifiri, na cire filogi daga bango, sannan hannuna ya je kusa. Akwai safar hannu da wuƙa bata ratsawa, bata da tsada, ki haɗa da ita ranar da za ki sayi injin. Kuma abin dannan naman nan mai ƙusoshi na roba kada ki taɓa ajiye shi kice da hannu ya fi sauri, ƙarshen naman da ya rage ki haƙura ki yayyanka shi da wuƙa a zuba a ƙwai. In kin wanke ki mayar da shi kwalinsa ki ɗora can sama.

Abu Sumayya, Madina:

Hajiya ni a ɓangaren lafiya nake aiki, abinda zan ƙara wanki ne, don duk wanda zai sayi injin nan faifai yake kallo baya tambayar yadda ake kwance shi. Ki sa mai shagon ya cire faifan a gabanki ya mayar, ya cire tiren. In sai da sukuddireba ake cirewa, wata ɗaya za ki yi ki fara cewa bari in goge kawai, alhali a bayan faifan ne maiƙo da burbushin nama suke taruwa.

Akwai ƙwayar cuta da ake kira listeriya, ita ko a cikin sanyin tallaja tana hayayyafa, kuma irin naman nan da ake ci ba tare da an sake dafawa ba shi ne hanyarta. Tafi illa ga mai ciki da jarirai da tsofaffi da wanda garkuwar jikinsa tayi rauni. A Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018 sama da mutum 200 suka rasu, da aka bi diddigi daga irin murtadilarsu da suke kira poloni ta fito. A wuraren sayar da abinci a Amurka ƙa'idar ita ce duk awa huɗu a kwance injin a wanke in ana aiki da shi. Ke a gida duk amfani ɗaya wanki ɗaya, ruwan zafi da sabulu, a shanya ya bushe kafin a haɗa.

Tunda kina so ki yi ɗanye da dafaffe a inji ɗaya, dafaffe ne farko, ɗanye daga baya, kada ki juya. Kuma naki babu sinadarin da kamfani ke sawa don ya daɗe, don haka ki yanka na kwana uku kawai, sauran ki raba ki sa a firiza. Shawarar da kika yanke ta yin naki tayi kyau, tun 2015 hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke jawo kansar hanji, yaro yana ci kullum shekara da shekaru ba ƙaramin abu bane.

Yar Mai Wurno:

Salam yan uwa. Ni kafin yaƙin 2023 ya taso mu muka dawo nan, agashe, wato irin tsiren can, nake yi a Sudan ina sayarwa daga gida, kuma can wuta bata da tabbas balle ka dogara da inji. Akwai wani na hannu da nake amfani da shi yanzu, kamar doguwar wuƙa ce a kafe a jikin faranti na ƙarfe kana ɗagawa kana saukewa, Sinawa ke yinsa don naman da suke tsomawa a romo. Shi kam naman da yayi tauri a firiza yake so, ki naɗe tsokar a leda kamar tabarma ta sandare ki fito da ita ta ɗan saki kaɗan, sai ki ga yankan yana fitowa yana naɗewa da kansa. Yafi na wuta arha sosai kuma wankinsa minti biyu. Amma gaskiya don gasasshen talotalo bai yi ba, murƙushe shi yake. Na faɗa ne don in ɗanyen ne yafi yawa a aikinki. Ni agashe har yanzu bayan na yanka sai na ɗan bubbuga shi da bayan wuƙa kafin in barbaɗa ƙuli, haka uwata take yi kuma yajin yafi shiga.

Ummu Walid, Jidda:

Jama'a na dawo da labari, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ranar Alhamis bayan isha muka fita da baban Walid, shago uku muka shiga ina danna faranti da yatsa kamar yadda Ɗan Kandara yace, biyu na farko duk suna motsi. Wanda na ɗauka jikinsa ƙarfe ne, faifai santimita 19, guda biyu a kwali mai haƙora da mai sumul, da makullin yara, kuma faifan da hannu ake murɗe shi ya fita, na sa yaron shagon ya cire ya mayar sau biyu. Na ɗan haura abinda na ware amma ba da yawa ba.

Na gasa tsoka ranar Juma'a ta kwana, Asabar da safe na bata rabin awa a firiza na sa a soket ɗin 220 na saita lamba 1. Yankan farko biyu sun yage don ina dannawa, da na sassauta hannu sai gashi suna faɗowa a tafina ɗaya bayan ɗaya suna lanƙwashewa, autan ya tsaya daga bakin ƙofa inda nace ya tsaya yana ƙirgawa. Yau Lahadi duk su ukun babu wanda ya dawo da samulinsa.

Safar hannun ce ban samu ba a shagon, Maman Hanan dan Allah da wane suna zan nema a Noon? Baba kuma in Allah ya kai mu layya zan turo Walid Makka ya zauna kusa da kai ya ga yadda ake buɗe tsokar nan, in ka yarda.